Tafin Hannu a Bangon Ɗakin Baya

Na san Mai Tayil tun yana durƙuso a gidajen mutane, yana shimfiɗa tayil yana hararar abin da Allah ya ba su. Hararar nan ce ta kai shi wurin boka.

Ɗakin bokan ba taga, sai ƙaurin turare da ƙarnin tsohon jini. Ya turo masa kasko cike da jar laka.

"Danna tafinka. In ka gina gida, binne kaskon a ɗakin baya."

"Me zan biya?"

"Bango zai karɓi nasa."

"Nasa me?"

"Arziki ka zo nema ko tambaya?"

Ya danna.

Dukiya ta zubo kamar an ɓalle famfo. Ya gina gida, ya binne kaskon a ɗakin baya. Wata safiya sai ga jan tafin hannu a bangon ɗakin, ba a jima ba ƙaninsa ya rasu. Tafi na biyu siriri ne, matarsa ta bi. Na uku ya fito, babban ɗansa ya zautu, a titi aka tsinci gawarsa. Saura autarsa kaɗai.

Ya koma yana kuka. Boka ya ce, "Sayar da gidan. Wanda ya mallaki gida, shi bango yake bi."

Dillali ya zagaya ya ce, "Maigida, mai saye da hanci yake fara saye. A wanke labule, a buɗe tagogi, a kwashe hotuna. Kada a bar ƙofa a kulle." Mai Tayil ya kife hotunan mamatansa a kwali, ya kasa kallonsu. Ɗakin baya kuwa da kansa ya shafe shi da fenti, shafi kan shafi, don kada wani ya gani.

Masu saye suka zo, wani malamin makaranta da matarsa da 'ya'yansu biyu. Yaran suka durƙusa suka gaishe shi. Kunya ta hana shi ɗaga kai, don ya san abin da yake shirin sayar musu.

Matar ta tura ƙofar ɗakin baya, ta yi dariya. "Ashe naku ma suna ɓata bango kamar namu."

Tafukan nan uku sun huda fenti sun fito. A ƙasansu ga na huɗu, ƙarami, ɗanye.

Autarsa ta leƙo ta gefensa. "Baba, wallahi ban taɓa ba. Amma ji yadda ya yi daidai da nawa."

Ba a sayi gidan ba. Yana nan ciki shi kaɗai, kullum da bokitin fenti, ko makwabta ba ya iya haɗa ido da su. Duk wanda kwaɗayi ya ja shi ya miƙa wa boka hannu, ya sani har da hannuwan iyalinsa ya miƙa.