Kunyar da Ta Hana Mas'udu Aiki

Hassana mai tuwon tasha ce ta fara gaya mini, ina tsakar gida ina ɓarar wake.

"Talatu, kin jiya? Aikin nan na Idrissa, wani yaron Bazaga anka ba!"

Aikin gyaran famfon sola ne a garaken albasa na Badaguishiri, abin da jikana Mas'udu ya karanta a lakwal. Idrissa mai aikin kuwa kawun Naja'atu ne, yarinyar da Mas'udu ke so tun suna ƙanana. Babanta Malam Yakuba ya riga ya yanke magana: in kaka ta wuce ba aiki, a bar zancen aure. Ga gero har an ɗaure damma.

Na iske Mas'udu gindin iccen bedi, kai sunkuye bisa waya.

"Maigidana, ka tai wurin Idrissa?"

"Kaka, na tura mishi dosiye, takarduna duka, ta waya, har ta nuna ya karanta!"

"Ban tambaye ka waya ba. Ƙafarka ta taka ƙofarshi?"

Ya ce, "Haba Kaka, surukina ne fa. In tsaya gabanshi in ce ya ba ni aiki? Da wane ido?"

Muna haka sai ga sallamar Naja'atu, idanu sun kumbura. Ta durƙusa ta gaishe ni, ko kallonshi ba ta yi ba.

"Kaka, Kawu ya ce kullum shina duban hanya. Don Mas'udu ya aje gurbin nan. Wancan yaron amalanke ya hawo, ya iske su suna kwance famfo, ya kama musu tun ba a ce mishi ba. Kawu ya ce wanda bai iya zuwa gaisuwa ba, ba ya iya tsayuwa bakin rijiya da rana. Rashin zuwan nan, girman kai ya ɗauke shi!"

"Wallahi kunya ta, Naja'atu—"

"Kunyar ta amfane mu da mi?" Sai kuka ya ƙwace mata. "Baba ya ce a maido muku kayan gaisuwa. Na kama ƙafarshi, da ƙyar ya ce ya ƙara maka zuwa cirar albasa. Ni ina jira, Mas'udu. Amma kada ka bar ni ina jira ni kaɗai."

Ta rufe fuska da mayafi ta fita. Ɗan nan da ban ga hawayenshi ba tun rasuwar uwatai, ranar ya yi kuka. Na bar shi ya yi mai isarshi, sannan na ce:

"Ban hana ka waya ba, ita ke gaya maka inda aikin yake. Amma waya ba ta durƙuso, ba ta kama ma mutum aiki. Zuwa da kai ya fi aike. Kunyar da za ta raba ka da abinci da mata, ba ladabi ba ta, hasara ta."

Ku 'yan yanzu, ku riƙe wannan.

Washegari tun da asuba na tashe shi, na sa ya saɓa jakar kayan aikinshi, na yafa gyalena na zuwa biki. Munka hau mota sai Badaguishiri, na kai shi ƙofar Idrissa don ya ba da haƙuri, ya kuma tambayi su wa ke da garake a kwarin garin, ko da mai neman mai gyaran famfo. Na tsaya waje, na ce mishi, "Shiga. Bakinka za a ji, ba nawa ba."