Tulsi 'Yar Hanya

A shagon ɗinkin mahaifinsa da ke unguwar Mansur a Makka, Mukhtaru ya fara ganinta, ta kawo hulunan da yayar mahaifiyarta Hajo ke sakawa. Ya tambayi sunanta, ta ce Tulsi. Daga ranar allura ta dinga sokar masa yatsa.

Wata huɗu suna musayar wasiƙa a cikin huluna, sannan ya sanar da mahaifinsa, Malam Tsoho. Shi kuwa mutum ne mai bin diddigi. Ya je unguwar Hindawiyya wurin wani Ba'indiye Musulmi mai kayan yaji, ya dawo fuska a murtuke.

"Sunan ganye ne irin ɗoɗɗoya, Hindu ke dasa shi a tsakar gida suna girmamawa kamar abin bauta. A Makka, ya waladi? Ko ta yar da sunan, ko ka haƙura."

Mukhtaru ya rubuta mata: "Sanyin idona, suna ne kawai. Ki bar shi mu tsira."

Amsa ta zo gajera: "Habibi, ina sonka. Amma ba zan iya ba."

Ya ji zafi ƙwarai, har ya ɗauka ta fi son suna a kansa. Kwana tara ba hula, ba wasiƙa. Ran na goma Hajo ta faɗo shagon, ko gaisuwar kirki babu.

"Malam, a ƙafa muka zo daga Sakkwato. A garin Bur Sudan na bakin teku naƙuda ta kama ƙanwata a bakin titi, mutane na wucewa. Matar wani Ba'indiye Hindu mai kanti ce ta ja ta ɗaki, ta karɓi haihuwa. Uwar ba ta tashi ba. Matar nan ta shayar da jaririyar wata biyu tare da ɗanta. Sunan yankanta Rumasa'u, amma sunan wadda ta raya ta muke kira. Ita za a goge?"

Malam Tsoho ya tsayar da keken ɗinki.

"Wadda ta shayar uwa ce," ya ce a hankali. "Ba ni zan raba 'ya da uwarta ba."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren. Da aka kai wa Malam Tsoho amarya gaisuwa, ya ce, "Tulsi, 'yata, Allah Ya yi muku albarka."

Ta fashe da kuka, Mukhtaru ya amsa mata amin.