Aku da 'Yar Kansila

Faɗa ne ya kai Auta gidan rediyon unguwarsu ran nan. Daga firamaren da take koyarwa ta taho, ko allin hannunta ba ta wanke ba, ta haye benen da ke saman shagon masu gyaran babur tana haki, tana jera maganganun da za ta yaɓa wa wanda ya mai da mahaifinta abin dariya.

Gidan rediyon ɗaki biyu ne da gilashi a tsakani. Mutanen unguwa ne suka haɗa abinsu, ba hannun gwamnati, ba na attajiri. Bangon duk an manne shi da kwalayen ƙwai don kada ƙarar babura ta shigo. Wata dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, wadda kowa ke kira Manaja, ta tare ta, ta nuna mata jar fitila a saman ƙofa.

"'Yata, muddin wannan tana kunne, ana watsa shiri kai tsaye. Zauna ki sha iska."

Auta ta zauna tana huci. Ta cikin gilashin ta hango wani siririn saurayi gaban makirufo, ya jiƙe sharkaf da gumi, don a gidan nan ana kashe fanka idan za a yi magana. Ya rage kiɗa, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ehem, ehem. To jama'a, maganar kwatar nan dai, muna kan dubawa."

Wallahi sai da Auta ta waiwaya ta duba ƙofa. Muryar babanta ce sak, har da jan numfashin. Dariya ta taho mata ba shiri, ta danne ta da bakin mayafi, kuma daidai lokacin saurayin ya ɗago ido suka haɗa.

Shi ne Aku. Muryar da ya ji sau ɗaya ta zama tasa. Shirinsa, A Zuba A Gauraya, ba abin da ba ya ciki: yanzu kiɗan tsofaffi, anjima waƙar wata ƙasa da ba wanda ya san yarenta, sai barkwanci, sai siyasa. A siyasar kuwa ba abin da ya sa a gaba kamar kwatar bayan firamare, wadda ta toshe tun kafin zaɓe, Kansila ya yi alkawarin yashe ta, shiru kake ji.

Fitila na mutuwa ya fito yana goge wuya.

"Kai ne Aku?"

"In faɗa ne, yau bai zo aiki ba."

"Kansilan da kake kwaikwayo babana ne."

Tirƙashi! Aku ya dafe kai. Manaja ta tuntsire da dariya ta ce yau ake yin ta.

"Allah ya huci zuciyarki, Malama," ya ce da ƙyar. "Amma tsakani da Allah, na yi kama ko ban yi ba?"

"Ka yi. Shi ne abin haushin."

"Kwatar fa, ƙarya na yi?"

Ta kau da kai. "Tagar ajina ma a rufe take saboda ɗoyinta. Amma uba uba ne."

Ta sauka ba ta faɗi ko rabin abin da ta shirya ba. Washegari sai ga saƙo a wayar masu sauraro:

"Waƙar da ka saka da rana ta yi daɗi, amma ka katse ta ana tsakiyar amshi. Daga malamar da ta zo faɗa."

Ya kwashe lambar zuwa tasa wayar kamar mai sata.

"Laifina ne, Malamata. Gobe zan sake ta har ƙarshe ko Manaja za ta kore ni. Akunki mai neman afuwa."

"Wa ya ba ni aku? Ni ko keji ba ni da shi."

"Wannan ba ya buƙatar keji. Ko an kore shi dawowa yake."

Daga nan fa abu ya kankama. Yana tashi daga aiki sai ƙofar makaranta, ya karɓi littattafan yaran da za ta duba ya rungume, su taka a hankali kamar masu tausayin ƙasa. Ta koya masa barin waƙa ta kai ƙarshe, shi kuma ya koya mata sauraron kiɗan da da take kira hayaniya. Wata rana a gindin bishiyar bakin makaranta ya tsaya cak.

"Malamata, wannan ba wasa a ciki. Ina sonki, kuma aurenki nake so in yi."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Sarkin surutu, ashe ka iya gajeriyar magana. Ni ma ina sonka. Amma ka san gidan da za ka shiga."

Ya sani kuwa. Mama dai tuni ta gane, don ta ga autarta ta koma manne da rediyo har a kicin, kuma ita kanta takan rufe ƙofa ta yi dariyar shirin. Matsalar Baba ce. Ga kuma Sakatare, mai riƙe wa Kansila jaka, ɗan gayu mai takalmi kamar madubi, wanda ya daɗe yana zawarcin Auta da ido. Yana jin labari ya tattaro duk inda Aku ya kwaikwayi maigidansa, ya kunna masa a waya ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da kawun Aku ya je neman izini, Kansila ko ruwa bai bari ya gama sha ba.

"Yaron da ya sa ko'ina na yi gyaran murya sai yara su fashe da dariya? Shi zan ba 'yata? Ya bar gidan rediyon nan gaba ɗaya, sannan a zo a yi magana."

Da yamma Aku ya rubuto:

"Malamata, in kin ce in bari, gobe zan ajiye. Ba abin da ya kai ki a wurina."

"Kar ka soma. In ka bari, wa zai yi maganar yaran ajina? Amma kuma ba zan shiga gidanka ba da albarkar Baba ba. Ka ga inda nake, Akuna."

Gaba kura, baya sayaki. Aku ya rame a tsaye, shirinsa ya koma waƙoƙin rabuwa zalla, har Manaja ta gaji.

"Ɗan nan, ka mai da mana rediyo gidan makoki. Je ka huta, ni zan riƙe shirin."

A cikin hutun nan ne aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da sassafe Kansila ya raka Auta da lema, suna isa ƙaramar gadar da yara ke bi zuwa makaranta ya ga abin da ya tsinka masa zuciya. Ruwan kwatar da ta toshe ya kwararo ya cinye ƙasan gadar, ta tsage daga gefe zuwa gefe. Yara kuwa sun kusa fitowa, daga ɓangarori da yawa, mutum biyu ba za su iya tare su ba. Wayar Sakatare a kashe. Kansila ya haɗiye girman kai ya buga layin gidan rediyo, don a wannan lokacin kowane gida a kunne yake.

"Ehem. Jama'a, Kansila ne. Kada kowa ya bar yaro ya bi gadar makaranta, ta tsage."

Manaja ta buga tebur tana dariya. "Kai Aku, Allah ya shirye ka! Hutun ma ba za ka bari mu huta ba? Kun ji shi jama'a, yau har gada ya ƙaro." Ta katse, ta saki kiɗa.

Ya sake bugawa, ta sake katsewa, saƙonnin dariya suna ta shigowa. Auta ta dubi babanta tsaye cikin yayyafi, waya a kunne. Ba ta taɓa ganinsa ya ƙanƙance haka ba, tausayinsa ya kama ta har hawaye. Ta kira Aku.

"Baba ne yake bugowa, wallahi shi ne! Gadar ta tsage, kuma ba wanda ya yarda, duk sun ɗauka kai ne."

Ko takalmi Aku bai tsaya nema ba. Ya haye benen a guje, ya tura ƙofa da jar fitilar da komai, daidai lokacin da Manaja ta sake ɗaukar kiran tana shirin tsokana. Ta dubi Aku a gabanta baki rufe, ta ji muryar Kansila a waya. Tabarau ya zame mata.

"Innalillahi! Me na yi?"

Aku ya ja makirufo. "Jama'a, ni ne Aku. Mai magana a waya Kansila ne da kansa, ku saurare shi."

Ina! Ai sun saba jin yana hira da kansa, ya yi tambaya da muryarsa ya amsa da ta Kansila. Saƙo ya shigo: "Aku ka iya, ƙara mana!" Sai ya yi abin da tun ranar farko ake hana ma'aikacin rediyo, wato hawa kan maganar baƙo.

"Baba, don Allah ka yi ta faɗa, kar ka tsaya. Ni ma zan faɗa tare da kai. Baki ɗaya ba ya fitar da murya biyu a lokaci guda."

Suka haɗa. Kansila na cewa gada ta tsage, Aku na cewa a riƙe yara, murya kan murya, ba daɗin ji ko kaɗan. Nan take dariya ta ɗauke a unguwar. Iyaye suka janyo 'ya'yansu daga ƙofa, masu gyaran babur suka kwashi bencina suka tare hanya ta kowane gefe. Hantsi bai gama dubawa ba gefen gadar ya rufta, ba kowa a kai.

Da la'asar Aku ya je gidan su Auta, ya durƙusa a gaban Kansila. Sakatare na gefe ya harɗe ƙafa, Auta da Mama suna bayan labule.

"Baba, na zo neman gafara. Na mai da muryarka abin wasa har ranar da ake buƙatarta aka ƙi yarda da ita. Daga yau na ajiye kwaikwayonka har abada." Ya ɗago kai. "Amma maganar kwata ba zan ajiye ba, don ita ta ci gadar nan. Rediyon ma ba zan bari ba."

"Ka ji rashin kunya, ranka ya daɗe!" in ji Sakatare.

Kansila ya dubi yaron. "Tashi ka tafi," kawai ya ce.

Auta ta sha kuka, sannan ta rubuta masa:

"Ka kashe mu, Akuna. Amma da wani abu daban ka faɗa, da na raina ka."

Kwanaki suka shuɗe ba labari. Mama ce kaɗai take sakin magana idan ta kawo wa maigidan abinci, wai ita dai a duk masu zuwa gaishe shi ba ta ga wanda ya fito ba takalmi saboda shi ba. Ya yi kamar bai ji ba.

Ran nan Aku na tsakiyar shiri sai ga Kansila a bayan gilashi, yana haki saboda bene. Ya jira aka saki waƙa ya shigo.

"Ina kujerar baƙo? Tambaye ni abin da kake so, a gaban jama'a."

Aku bai sassauta ba. "Ranka ya daɗe, me ya hana a yashe kwatar nan?"

Kansila ya ce motar yasar kwata da aka yi masa alkawari daga sama ba ta taɓa zuwa ba, ya yi ta sintiri har ya gaji, kuma kunya ce ta hana shi fitowa ya ce abin ya fi ƙarfinsa. "Shi ya sa nake cewa muna kan dubawa. Ban kyauta ba, na ɓata lokaci."

Waya ta ɗauki ruri. Wannan ya ce yana da shebur, wancan ya ce baro, wata ta ce ita za ta kawo ruwan sha. Aka tsayar da Asabar. Aku ya saki kiɗa ya kashe makirufo, yana goge fuska. Kansila ya miƙe, ya kai ƙofa, ya juyo.

"Ka ce wa kawunka ya dawo. Wannan karon zai gama shan ruwansa."

Ranar Asabar suruki da surukin gobe suka shiga kwata har gwiwa, Sakatare kuwa ciwon kai ya hana shi fitowa. Da daddare Aku ya samu saƙo:

"Na gan ka cikin taɓo yau. Ba ka taɓa yi mini kyau haka ba, angona."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Unguwa ta cika ta batse, Manaja ta fi kowa rawar kai. Da aka kawo ango ya gaida surukinsa, Kansila ya riƙe hannunsa gam, idonsa ya ciko.

"Ga Auta nan, amana ce. Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu faɗin gaskiya."

Sai ya juya ga taro ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku duba da kyau, bakin yaron nan a rufe yake. Ni na faɗa!"

Wuri ya kaure da dariya da amin. Mu ma amin muka ce, Allah ya bar su tare.