Lamba Sha Bakwai a Ajin Wayarin

"Lamba sha bakwai."

Shiru.

Malama ta ɗaga kai daga rajista. Can layin baya, tsakanin magidanta masu furfura da matasan da zaman banza ya cinye, ga shi zaune ya sunne kai. Ɗan Kwalisa. Mutumin da saura wata biyu iyayensa su zo neman aurenta.

Ajin nan kuwa na gwamnati ne, ana koyar da wayarin ɗin lantarki, kuma ba a ɗaukar kowa sai wanda ya shekara uku ba aiki.

Da aka tashi ta tare shi a ɗakin ajiyar kaya.

"Ina ofishin naka?"

"Rabin raina, ki tsaya ki ji..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan a nan. Ina ofishin?"

"An rufe kamfanin. Shekara huɗu ke nan."

"Mu kuma bara muka haɗu." Ta kalle shi ido cikin ido. "Kullum ka zo da rigar guga, ka ce min aiki ya sha maka kai. Har tausayinka nake ji."

"Da na faɗa, Baba zai bar ni in taka ƙofarku?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma mai haƙa shi ba ya ganin haka sai ya kai ƙasa.

Ba banza ya faɗo ajinta ba. Akawun cibiyar koyarwar, wanda ya daɗe yana sonta tana kauce masa, shi ya ga takardun Ɗan Kwalisa, ya zaɓa masa ajin da hannunsa. Washegari ya ajiye mata fom a tebur yana murmushi.

"Doka ce, Malama. Malami ba ya koyar da wanda ke tsakaninsu da alaƙa. Ko ki sa hannu cewa babu komai tsakaninku, ko a cire shi. Mutum ɗari uku na jiran gurbin."

Bai tsaya nan ba. Kafin la'asar labari ya isa kunnen Baba, tsohon direba wanda ba ya maimaita magana.

"Talaka zan iya ba shi 'yata," in ji Baba. "Maƙaryaci kuwa, ko tabarmata kada ya taka."

Ɗan Kwalisa ya same ta a bakin ƙofar cibiya, idonsa ja.

"Zan bar karatun. Ba zan iya zama ana nuna ni da baki ba."

"Ka bari ka koma ina? Gugar riga?"

"Ke kin fi min takardar shaida."

"Ni ba a cin tuwona da girman kai... In ka fita ƙofar nan, ka fita daga raina. In ka zauna, zan sa hannu babu komai tsakaninmu, kuma ba da wasa zan sa ba."

"To me ya rage min?"

"Filaya da tasta, kayan aikinka. Ka riƙe su."

Ta sa hannun. A ban-ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta koma aji.

Wata tara ba ta kira shi da komai ba sai lambarsa. Ya haɗa waya ba daidai ba, ta sa ya kwance a gaban kowa. Wuta ta ja shi har ya faɗo daga tsani, zuciyarta ta tsinke, amma bakinta cewa ya yi, "Wa ya ce ka taɓa ba ka kashe mita ba?" Akawu ya yi ta zarya da kyaututtuka, tana mayar masa. Ta rame, Mama na kallo.

Ranar da aka ba shi shaida da akwatin kayan aiki, bai nemi Malama ba. Gidansu ya nufa da rigar aiki, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Baba, nesa da tabarma. Malama na tsaye bayan labule tare da Mama.

"Baba, na yi muku ƙarya. Ban zo kare kaina ba."

Baba ya kalle shi.

"Tambaya ɗaya. Da kake fita da safe da rigar guga, ina kake wuni?"

"A benci, bayan tashar mota. Daga ƙarfe takwas zuwa huɗu."

"Wane benci? Na gindin bishiya, ko na kusa da famfo?"

Ɗan Kwalisa ya ɗago a hankali. "Na kusa da famfo."

"Wanda ƙusa ke kama riga." Baba ya sauke numfashi. "Lokacin da aka sallame ni, wata bakwai na yi a kansa. Uwar yarinyar nan har yau ba ta sani ba."

Daga bayan labule Mama ta ce, "Na sani. Wa yake ɗinke maka rigar?"

Ba wanda ya yi dariya sai Malama, ita ma da hawaye.

Baba ya yi gyaran murya, ya ja gefen tabarma.

"Matso ka zauna. Ka ce wa manyanka ina jiransu."