Gugan Shekarar Fari

An yi wata yarinya mai rainin tsiya. Wata rana kakarta ta kai ta gidan tarihin garinsu. Ta ga tsohon tulu, ta ce, "Tarkace!" Ta ga tsohuwar fitila, ta ce, "Tarkace!" Da suka iso kan wani yagaggen guga, ta tuntsire da dariya.

Mai kula da gidan ya ce, "Yarinya, shekarar fari da gugan nan aka shayar da garin nan. Ga mai shi tsaye kusa da ke."

Kunya ta rufe ta, ta sunkuyar da kai. Can ta kama hannun kakarta, ta buɗe tafin, ta ga tabon igiya. Ta ce, "Kaka, ki yafe mini. Ba ni labarin."