Rigar Kwamanda

"Da wannan farar shaddar za ka shiga gonar gyaɗa? Kai Musbahu, ka ji tsoron Allah!"

Musbahu ya dubi jikinsa, ya dubi Munawwara da ke tsaye a bakin zaure, sai ya saki murmushin nan nasa mai sa ta manta abin da ta yi niyyar faɗa.

"To ya zan yi, ranki ya daɗe? Gaisuwa na zo yi wa Baba, aka ce yana gona shi kaɗai. So kike a ce a Fulatan surukin Malam Gwadabe ya ga dattijo a duƙe, ya yi sallama ya wuce?"

"Surukin wa? Da saura wata biyu, malam. Kada ka yi riga malam masallaci."

"Ni dai a zuciyata an daɗe da shafa fatiha, sanyin idona."

Ta rufe fuska da gefen hijabi tana dariya. Musbahu mai gyaran injin ban-ruwa ne a Ƙaraye, kullum hannunsa cikin baƙin mai, shaddarsa ta kirki guda ɗaya ce tak, ita ce kuma wannan. Ina Munawwara za ta yarda jar ƙasa ta ɓata ta!

"Tsaya nan, kar ka motsa. Bari in samo maka rigar aiki."

A ƙauyukan nan ba wanda ke sayen rigar gona, 'yan siyasa sun ɗauke wa talaka wannan nauyin. Duk zaɓe sai an raba riguna, sai ka ga mutum yana huɗa da hoton ɗan takarar da ko sunansa bai sani ba, wani ma rigar wannan jam'iyya ce a jikinsa, hular waccan a kansa. Ba wanda ke karanta abin da aka rubuta, in dai tana tsotse gumi shi ke nan.

Ta duba igiyar shanya ba ta ga komai ba. A bayan rumbu ta tsinci wata ruwan ɗorawa a cukuikuye, ta yayanta Abdulmutalib ce, wanda tun da ya dawo daga gangamin jam'iyyarsu a Rogo jiya ya shige ɗaki bai ƙara leƙowa ba. Rigar tana warin hayaƙi, Munawwara ta ɗauka na murhu ne. Ta kakkaɓe ta, ta fito da sauri.

Musbahu ya juya bayan rigar ya karanta da ƙarfi, "Kwamandan Matasa... Iye! Yau na samu muƙami a gidan surukai."

"Ai ka ga, ba ka zo a banza ba," ta ce, ta karɓi shaddar ta ninke a ƙirjinta.

Da hantsi ta kai musu kunu gona. Tun daga nesa ta hango shi yana cirar gyaɗa kusa da Baba, dattijon yana ta faɗa masa wani abu suna dariya, daɗi ya cika mata zuciya. Ba ta kai ga sauke roba daga kanta ba motar 'yan sanda ta tsaya a bakin hanya.

Kowa ya ji labarin jiya a rediyo. Magoya bayan jam'iyyu biyu sun yi arangama a Rogo, an ƙona ofishin kamfen, an fasa wa wani ɗan sanda kai yana kwance asibiti. Tun asuba ake bin ƙauyuka ana kwasar samari.

"Kai! Mai rigar ɗorawa! Juyo mu ga bayanka!"

Musbahu ya miƙe da gyaɗa a hannu, ya juya. Wani sufeto mai furfura ya ɗaga waya, ya dubi wayar, ya dubi rigar. A bidiyon, wani saurayi ne da ya naɗe fuskarsa da ƙyalle yake watsa fetur a ƙofar ofis, rubutun bayansa raɗau. Riguna irin wannan an raba ɗaruruwa, amma mai wannan rubutun guda ɗaya ce a duk ƙasar Rogo.

"Rigarka ce?" in ji Sufeto.

Musbahu ya dubi Baba. Ya dubi Munawwara, ya daɗe yana kallonta.

"A jikina kuka gan ta, yallaɓai."

Robar kunun ta suɓuce mata. "Ba tasa ba ce! Wallahi ba..."

"Munawwara!" Baba ya daka mata tsawa, irin wadda bai taɓa yi mata ba tun tana goye.

Ta haɗiye sauran maganar. Tana ji tana gani aka sa wa Musbahu ankwa, aka tura shi bayan mota ko takalminsa ba a bar shi ya ɗauka ba.

A gida ta zube gaban Baba a tsakar gida.

"Baba, ni na ba shi rigar! Da hannuna na ba shi!"

"Na sani. Rage murya."

"Baba, bai san komai ba. Ko katin zaɓe bai taɓa yanka ba!"

"Shi ya sa za a sake shi. Mai gaskiya ba ya daɗewa a hannu. Amma yayanki in suka kama shi, sai dai wata shekarar... in ma an gan shi." Muryarsa ta karye. "Zan kira Honorabul. Yaronsa ne ya jawo, shi zai fitar mana da Musbahu."

Mahaifiyarta Inna Turai tana bakin murhu, hawaye kawai take sharewa da gefen zani.

Honorabul, ɗan takarar da Abdulmutalib ke yi wa hidima shekara uku, sai a kira na tara ya ɗaga waya. Da ya ji wanda aka kama ba yaronsa ba ne, har hamdala ya yi, ya ce a yi ta addu'a, ya kashe. Kashegari kakakin jam'iyyarsu ya shiga rediyo ya ce wanda ke hannu ɗan Ƙaraye ne, ba su san shi ba, abokan hamayya ne suka sa masa riga don ɓata musu suna. Da yamma na ɗaya jam'iyyar ya shigo ya ce ga ɗan dabar da aka ɗauko haya nan an kama, a hukunta shi kowa ya gani. Haka aka yi ta buga Musbahu tsakanin tasha da tasha, ba wanda ya ce nasa ne.

Manoma huɗu suka taso daga bakin dam ɗin Ƙaraye, suka rantse ranar gangamin yana wurinsu yana fama da inji tun safe har magariba. Aka ce su adana maganarsu sai an je kotu.

Sai a kwana na biyar aka bar Munawwara ta gan shi, minti biyar, ta bayan kantar ofishin 'yan sanda. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, yana tafiya yana dafa bango.

"Innalillahi... Musbahu! Me suka yi maka?"

"Ba komai, sauro ne. Na nan manya ne." Ya so ya yi dariya, haƙarƙarinsa ya hana shi.

"Ka faɗa musu! Don Allah ka faɗa musu gaskiya!"

"In ce me? In ce ɗan Inna Turai namiji ɗaya tilo ne? Da wane ido zan shiga gidanku in ɗauke ki bayan haka?"

"To ni zan faɗa."

"A'a, masoyiyata. Ki rufa mini asiri. In kika faɗa, gidanku ba zai ƙara zama gidanki ba. Ki yi haƙuri, kwana nawa ne? Ba ni da laifi, dole su gaji su sake ni."

"Ni na sa maka ita..." kuka ya ci ƙarfinta.

"Don kina so na kika sa mini. Wannan kaɗai nake tunawa in abin ya yi zafi."

Daga nan ɗakin Abdulmutalib ta wuce. Yana zaune a kan tabarma ya rame, gashin baki ya cika masa fuska, ya kasa haɗa ido da ita.

"Yaya, ka je ka miƙa kanka. Na roƙe ka don girman Allah."

"Honorabul ya ce mu kwantar da kai har a gama zaɓe. In muka ci, waya ɗaya zai buga a sake shi."

"In kuka faɗi fa?"

Ya kawar da kai.

"Yaya, ka ga fuskarsa kuwa? Dukanka yake sha!"

"Kina tsammani barci nake yi?" ya ce da ƙarfi, sai kuma ya kifa kai a gwiwa. "An ce mana in muka nuna ƙarfi za a ba mu aiki a ƙaramar hukuma. Shekarata bakwai da gama makaranta, Munawwara. Ban san abin zai kai haka ba... Tsoro nake ji. Wallahi tsoro nake ji!"

Ta so ta tsane shi, ta kasa. Shi ne ya goya ta ya tsallakar da ita rafi duk damina lokacin firamare. Ta fita ta bar shi yana kuka, ita ma tana yi.

A kwana na goma sha biyu mahaifiyar Musbahu, Iya Rahmatu, ta zo daga Ƙaraye. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka yi gaisuwa har da tambayar gajiya da amfanin gona, kamar ba abin da ya faru. Ba ta taɓa ruwan da aka kawo mata ba.

"An ce gobe za a wuce da shi Kano," ta ce a hankali. "Malam, ni ba faɗa na zo yi ba. Ni nake wa yaron nan wanki tun da ubansa ya rasu, na san duk tsumman da ya mallaka. Ba shi da riga mai rubutu. Daga gidan nan ya fita da ita. Ta waye ce?"

Baba ya sunkuyar da kai. Inna ta ƙura wa ƙasa ido. Munawwara tana bakin ƙofar ɗaki tana jin komai.

Tsohuwar ta jira, ta jira. Sannan ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Shi ke nan. Allah yana gani."

Kashegari da sassafe Munawwara ta ce za ta kai niƙa, ta hau acaɓa ta nufi ofishin 'yan sanda. Duk hanya addu'a ɗaya take maimaitawa, Allah Ya sa Inna ta yafe mata. A gaban Sufeto ta faɗi komai, bayan rumbu, warin hayaƙi, farar shadda. Da ta zo kan sunan yayanta sai da ta faɗa sau biyu, don na farko bai fito ba.

Sufeto ya rubuta tsaf, ya sa ta dangwala yatsa.

"Kin kyauta, 'yata. Kin taimaki hukuma."

"To yallaɓai... yanzu za ku sake shi? In jira shi a waje?"

Ya ajiye biro ya dube ta, da alama har tausayinta ya ji.

"Sunansa ya riga ya tafi sama, ba ni da ikon goge shi. Kuma da bakinki kika ce ya san mai rigar ya yi shiru kwana goma sha uku. Wannan ɓoye mai laifi ne. Alƙali ne zai raba su."

"A'a! A'a yallaɓai, ba haka nake nufi ba! Ku goge, na janye! Don Allah na janye!"

"An riga an rubuta."

Kafin azahar an ɗauko Abdulmutalib daga Fulatan. Munawwara tana tsugune a gindin bango ta kasa tafiya, har aka fito da su za a wuce Kano, ankwa ɗaya ta haɗa hannun yayanta da na masoyinta. Abdulmutalib bai dubi inda take ba. Musbahu ne ya tsaya, har sai da aka ingiza shi.

"Haba Munawwara... ba na roƙe ki ba?"

Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa ta fi jin zafinta. Motar ta tashi, ta bi ta da gudu har takalminta ya tsinke, ba wanda ya waiwayo.

Sai la'asar ta iya shiga gida. Baba yana zaune a zaure, ta durƙusa ta yi sallama, ya juya fuskarsa ga bango bai amsa ba. Ta shiga tsakar gida tana jiran tsinuwa, ta ma fi son a tsine mata ta huta.

Inna Turai tana zaune kan turmi, idanunta sun yi jawur. Ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Inna, ki yafe mini... Na ɗauka zan ceci ɗaya, sai ga shi..."

"Zo nan."

Ta rarrafa ta kifa kai a cinyar uwarta, kukan da ta riƙe tun safe ya ɓalle. Inna ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Hannunta kawai ta ɗora a kan 'yar.

"An ce ranar Laraba ake barin dangi su kai abinci," ta ce can da muryar da ta dushe. "Ki jiƙa gero tun Talata, ki soya gyaɗa. Ki yi na mutum biyu."