Wa Zai Gaji Ɗakin Philippa?

"Baba, don Allah ka bar maganar nan..."

"Ba zan bari ba," in ji tsohon, yana gyara bargon da ke kan gwiwarsa. "Ke ce masaniyar halayyar ɗan Adam, ni tsohon fasto ne kawai. Amma faɗa mini, me dokar kwalejinku ta ce kan malamar da ta yi aure?"

Philippa ta san dokar sarai: ranar aure, ranar ajiye aiki. Ita ta kafa ɗakin gwaje-gwajen nan da hannunta a kwalejin 'yan mata ta garinsu a jihar Massachusetts ta Amurka, lokacin da maza ke dariya wai mace za ta auna tunanin mutum. Da aikin take riƙe da mahaifinta tun rasuwar mahaifiyarta.

"To wa zai gaji ɗakin?" ya ƙara. "Ba Orrin ɗin naki ba?"

Washegari ta tarar da Orrin, malamin da ya zo kwalejin bara ya sace mata zuciya, tsaye a ɗakin yana shafa na'urarta ta auna saurin tunani kamar mai taya doki a kasuwa.

"Pippa, hasken idona, kin rame. Jikin Baba ne?"

"Orrin, shugabar kwaleji ta taɓa yi maka maganar ɗakin nan?"

Ya ɗan yi jim. Kaɗan ne ƙwarai, sai dai auna irin wannan jinkirin shi ne sana'arta.

"Ta... ta taɓa ambata."

"Kafin ka ce kana sona, ko bayan?"

"Haba Pippa, ni kike tuhuma?"

"Kafin ko bayan?"

Ya sunkuyar da kai. "Kafin. Amma na rantse miki, yanzu ke nake so. Ki ce in ƙi karɓa, zan ƙi."

Ta daɗe tana kallonsa, ta ga da gaske yake. Wannan ne ma ya fi yi mata ciwo.

"Na yarda kana sona," ta ce. "Amma ko murmushi ka yi mini nan gaba, sai na tsaya aunawa. Ba zan iya irin wannan zaman ba, masoyina."

Ta zare zoben alkawarinsu, ta ajiye a tafin hannunsa, ta rufe masa yatsunsa a kai. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ɗalibanta sun riga sun taru a bakin ƙofa. Ta juya musu baya ta share hawayenta, sannan ta ce, "Ku shigo, 'yan mata. A ina muka tsaya jiya?"